Anti Juya-Baya da Rijiyoyin Rafin Guza

Shekara goma sha huɗu Rahila Ishaya ta yi a kan tebur guda, a ɗaki na biyu daga ƙofar cibiyar kwamfuta ta jami'a, kuma a tsawon shekarun nan ba a samu ɗalibin da ya fito daga wurinta yana cewa ta yi masa fara'a ba. Aikinta ɗaya ne: ta haɗa kwamfutar mutum da waifai na jami'a yadda wani ba zai laɓe a tsakani ya karanta abin da yake aikawa ba. Aikin minti biyar ne. A hannunta yakan kai minti ashirin, domin ba ta yarda ta danna maka komai.

"Karanta mini abin da ke rubuce," take cewa.

"Anti, ai na gani."

"Ban ce ka gani ba. Ka karanta da ƙarfi, kunnena ya ji."

Abin da ake karantawar shaidar jami'a ce. Duk kwamfutar da ta nemi shiga, na'urar jami'a takan nuna mata sunanta da wani dogon jerin lambobi. Kowane ɓarawo na iya ɗauko ƙaramar na'ura a jaka, ya raɗa mata sunan waifai na jami'a harafi da harafi, ɗalibi ya shiga ya miƙa masa kalmar sirrinsa da hannunsa. Lambobin nan ne kaɗai ba sa kwaikwayuwa. Na gaskiyar suna manne a bango, sama da kan Rahila. Sai ka karanta na allonka, ita tana bin na bango, sun zo daidai, sannan ta sa wa kwamfutarka tata shaidar, wadda ke zama kamar hatimi: daga ranar, duk inda ka buɗe ta a cikin jami'a za ta shiga da kanta. In aka zo wurin zaɓen kalmar sirri, sai ta murɗa kujerarta ta fuskanci bango har ka gama. Daga nan sunan ya samo asali. Ɗalibai da yawa sun gama digiri ba su san sunanta na yanka ba. Anti Juya-Baya kawai suka sani.

Mahaifinta, Baba Ishaya, ya zo Kaduna daga kudu yana saurayi, ya yi shekara talatin yana hawa turakun wayar tarho. Mai wannan aiki, in ya ga dama, babu asirin gidan da ba zai ji ba. Shi kuwa yakan maƙala abin saurarensa a waya, da ya ji murya ya san layi na da rai, sai ya cire. "Muryar nake nema," yake gaya wa 'ya'yansa, "ba maganar ba." Rahila ce ta uku a cikin biyar, ita ce kuma ke riƙe masa tsani ran Asabar. Ta yi difloma, ta auri Kefas, malamin lissafi a wata sakandare, ta yi digiri tana goyon 'yarsu Ruth. Lokacin da gari ya rikice, dangi suka kwashe kaya suka ƙetare gadar kogin Kaduna zuwa kudancin gari, su biyu suka yi zamansu a Badarawa. Ba ta taɓa kiran wannan jarumta ba. Gidan ubanta ne, in ji ta, kuma ba ta ga wanda ya isa ya nuna mata gefen kogin da za ta kwana ba.

Abubuwan da ke ɓata mata rai a wurin aiki suna da yawa, amma babbansu wata 'yar takarda ce. Daraktan cibiyar, Dokta Sambo, shi kaɗai ke da ikon buɗe asusun da aka rufe ko tsayar da goge abin da ke cikinsa. Mutum ne mai yawan tafiya. Don kada aiki ya tsaya in ba ya nan, sai ya rubuta kalmar sirrinsa a takarda ya liƙa ta da salatif a bayan kalandar ofishinsa. Masinja ya san da ita. Mai shara ta san da ita. Shekara biyar da suka wuce, wani abokin aikin Rahila, Emmanuel, ya yi aiki da ita bisa umarnin Darakta ta waya. A makon ne aka gano wani ya sauya makin jarrabawar ɗalibai da wannan kalmar. A gaban kwamitin bincike Dokta Sambo ya ce shi bai taɓa ba kowa izini ba, bai ma san takardar na nan ba. Emmanuel yanzu gyaran waya yake yi a bakin kasuwa. Takardar kuwa tana nan inda take. Salatif kawai aka sabunta.

Wata Laraba da hantsi wani dattijo ya shigo. Dogo ne, farar rigarsa ta sha guga, ya rungumo kwamfuta a ƙirji, fayil a ɗaya hannun. Bai zauna ba sai da ta nuna masa kujera.

"Sunana Sharhabil Aminu. Safiyo ne ni, mai awon fili, na yi ritaya daga ma'aikatar filaye. Wannan kwamfutar 'yata ce, Mardiyya, ajin ƙarshe a sashen kimiyyar ruwa. Ta rasu yau kwana arba'in da bakwai. Mota ce, a Rigachikun, tana dawowa daga Zariya."

Rahila ta ajiye biro. Ta tuna yarinyar. A cikin dubban da suka zauna a kujerar nan, ita kaɗai ta taɓa ɗaga kai ta ce, "Anti, takwas ɗin nan na bango ya koɗe, ya zama kamar uku."

"Allah ya ji ƙanta, Baba. Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin. Na gode."

Ya yi bayani a tsanake, kamar mai karanta rahoto. Shekara biyu Mardiyya ta yi tana ɗibar ruwan rijiyoyin Rafin Guza tana aunawa, gida gida. Ta sa wa kowace rijiya lamba. Mutanen unguwar sun buɗe mata gidajensu ne a kan alkawari ɗaya: in ta gama za ta gaya musu wace rijiya ce ba ta shawuwa. Ranar sadakar uku, mata tara suka zo daga Rafin Guza. Bayan gaisuwa, babbarsu ta matso kusa da matarsa ta tambaya, cikin jin nauyi, ko marigayiya ta bar wata magana a kan rijiyoyin, domin yara na ta zawo tun farkon damina. Shi ya amsa daga ƙofa. Ya ce zai kawo musu amsar da kansa.

"Sashensu ba ya barin ɗalibai su ajiye irin wannan aiki a kwamfutarsu," ya ce. "Yana cikin rumbun ajiyar jami'a. An ce ba ya buɗuwa sai ta waifai ɗinku."

"Haka ne. Me ya sa sai yau?"

"Kayan mamaci ne, Malama. Ba a taɓa su sai an raba gado. Shekaranjiya aka raba, kwamfutar ta faɗo a rabon mahaifiyarta, ta ba ni izini."

Ya buɗe fayil ya miƙo mata takarda. Kwafin wasiƙar da ya rubuta wa magatakarda ne yana sanar da jami'a rasuwar, kwana huɗu bayan faruwarta, da hatimin karɓa da kwanan wata. Shekara talatin da biyar na aikin gwamnati sun koya masa cewa ba a barin hukuma ta ji labari a bakin mutane.

Rahila ta duba kwanan watan, ta ƙirga da yatsa a kan kalanda, ta sake ƙirgawa. Dokar jami'a ita ce: daga ranar da wasiƙar rasuwa ta iso, ba a sake ba asusun mamaci sabuwar shaida, kuma in ta cika kwana arba'in da biyar, na'ura ta goge duk abin da ke ciki da kanta, ƙarfe sha biyu na rana. Yawancin iyaye ba sa rubuto komai, asusun 'ya'yansu ya shekara ba a taɓa shi ba. Wannan ya rubuto.

"Jibi ne," ta ce. "Juma'a, sha biyu. Amma babu damuwa, tunda kwamfutarta ce, tsohuwar shaidarta na ciki. Buɗe ta, za ta shiga da kanta."

Ya buɗe. Ba ta shiga ba. Rahila ta sa shi ya danna nan, ya danna can. Wurin da shaidar ya kamata ta kasance babu komai.

"Wa ya taɓa ta?"

"Jiya na zo. Na buɗe ta a bakin ƙofar shigowa, ba ta nuna komai ba. Mai gadi ya nuna mini shagon wani Rabe, ya ce shi ke haɗa wa yara. Ya ce tsohon saiti ne ke hana ta, ya goge, ya yi ta fama har la'asar. Daga ƙarshe ya ce in zo wurinki."

Waifai na jami'a ba ya kaiwa bakin ƙofa. Yana farawa ne daga gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin karatu, taku hamsin daga inda dattijon ya tsaya. Rahila ta buɗe baki za ta faɗa, ta dubi hannuwansa a kan gwiwa, ta rufe.

Safiyo ne, ya karanta fuskarta. "Nawa ne tazarar?"

"Taku hamsin, Baba."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Ta bar shi zaune ta fita. Shagon Rabe kwantena ce da aka yi wa fenti shuɗi, da layin ɗalibai a gaba. Ta ratsa su.

"A'a, Anti da kanta! A kawo kujera, yau muna da babbar baƙuwa."

"Riƙe kujerarka. Wa ya koya maka goge shaida?"

"Wai ta Baban nan? Wallahi taimako na yi niyya. Kullum haka nake yi, in goge tsoho, in cire wannan alamar ta tantancewa, sai ki ga abu ya shiga fes."

"Ya shiga ina? Ka san gidan wa kake tura su? Kai ko kaza aka ba ka tsaro, ƙofa za ka fara cirewa don iska ta shiga."

Ɗalibai suka yi dariya. Rabe ya ɓata fuska.

"To Anti, tunda a gaban mutane kika zo, bari in faɗa. Kin san abin da ya sa layin nan ya fi naki tsawo? Tsoronki suke ji. Mutum ya zo da buƙata ki mayar da shi ɗan firamare. Mai gadi ma da ya tura Baban nan wurina, cewa ya yi, gara nan, waccan matar za ta yi maka faɗa."

Rahila ta juya, ta dawo a ƙafa cikin rana, tana jin haushin Rabe, da mai gadi, da wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya zaɓi kwana arba'in da biyar a garin da kowa ya san ba a buɗe akwatin mamaci kafin arba'in. Wani ɓangaren haushin kuma na kanta ne, ta sani.

Hanya ɗaya ta rage: Darakta ya tsayar da gogewar, ya buɗe asusun, ita kuma ta ba da sabuwar shaida ga magaji. Darakta yana taron bita na kwana uku a wani otal a cikin gari. Ta kira shi sau huɗu kafin ya ɗauka.

"Madam Rahila, ina cikin taro."

Ta gaya masa a taƙaice.

"Ayya. Allah ya ji ƙanta. To ai abu mai sauƙi ne. Kin san inda abin yake. Ki shiga ki yi."

"Wane abin, ranka ya daɗe?"

"Kin gane mana."

"Ka rubuto mini a saƙo, cewa ka ba ni izini in shiga da sunanka."

"Ba a rubuta irin wannan, ke ma kin sani. In kina son takarda, ki bi ta ofishin magatakarda. Sai Litinin." Ya kashe.

Malam Sharhabil ya ji duka, domin ɗakin ƙarami ne. Ya tambaye ta mene ne abin, ta gaya masa: takarda ce, a bayan kalanda, ƙofa ta uku a hannun dama, kuma ƙofar a buɗe take.

"Wato yanzu haka, in kin tashi, minti nawa zai ɗauke ki?"

"Uku."

"Kuma ba za ki tashi ba."

"Ba zan tashi ba, Baba."

Muryarsa ba ta ɗaga ba, sai dai ta yi sanyi. "Malama, na bi ƙa'ida na rubuta wasiƙa, wasiƙar ce ke shirin cinye aikin 'yata. Na bi ƙa'ida ban taɓa kayanta ba, na yi asarar kwana arba'in. Yanzu ke ma ƙa'ida za ki karanta mini?"

"Da wannan kalmar ana buɗe asusun mutum dubu ashirin," ta ce. "Wasiƙun kowa, makin kowa. In na shiga yau don kai, ni ma na zama ɗaya daga cikin masu ɗaga kalanda, kuma gobe ba ni da bakin hana kowa. In wani abu ya ɓace a makon nan, cewa za a yi ni ce, kuma a ce abin da na ba ka na sata ne, ba za ka iya nuna shi ga kowace hukuma ba. Shi ake biya don ya danna. Shi zai danna."

"In kuma bai danna ba?"

Ya rufe kwamfutar ya fita ba sallama.

Ranar Alhamis ta rufe teburinta, abin da ba ta taɓa yi ba a ranar aiki, ta ɗauki takardar neman izini ta bi ofisoshi da ƙafarta. A ofishin magatakarda aka ce maganar mamaci ta sashen harkokin ɗalibai ce. A harkokin ɗalibai aka ce tunda akwai gado a ciki, sai lauyan jami'a ya gani. Sakatariyar lauya, tana ɓare gyaɗa, ta ce Oga na kotu, a ajiye a tire. Rahila ta ƙi ajiyewa, ta zauna a benci awa uku. Da lauyan ya dawo ya karanta a tsaye, ya rubuta layi ɗaya a gefe: babu abin da ya hana, Daraktan cibiyar kwamfuta ya aiwatar. Takarda ta zagaya jami'a ta dawo kan mutumin da ya tura ta. Ta kira shi. Wayar a kashe.

Da yamma Kefas ya same ta a tsakar gida tana surfa masara kamar da ita take faɗa.

"Mama Ruth, turmin nan na gado ne, ki tausaya masa."

"In sha biyu ta yi gobe ba a yi komai ba, ni na kashe aikin yarinyar nan. Ba Rabe ba, ba Sambo ba. Ni."

"To ki ɗaga kalandar."

"Ba zan ɗaga ba."

"To kin ga ai saura ki ɗago mai kalandar," in ji shi, ya karɓi taɓaryar.

Ƙarfe takwas na safiyar Juma'a ta kira lambar da ke kan wasiƙar Malam Sharhabil. "Baba, kana da mota?" Yana da ita, tsohuwa, mai tsabta. Bai tambaye ta ina za su ba sai da ta shiga motar a ƙofar cibiyar.

A otal ɗin aka hana su shiga zauren taro, suka jira a baranda har ƙarfe goma da rabi, lokacin shan shayi. Dokta Sambo ya fito cikin manyan baƙi, kofi a hannu ɗaya, faranti a ɗaya. Da ya hango ta sai ya yi kamar zai juya.

"Ranka ya daɗe!" Muryar da take sa ɗalibai karatu da ita ce, duk barandar ta waiwayo. "Ga takardar da ka ce a bi. Lauya ya sa hannu. Saura awa ɗaya da rabi."

"Madam Rahila, wannan wane irin abu ne? Nan wurin aiki ne? Na gaya miki yadda za ki yi."

"Ka gaya mini. Maimaita shi a nan, waɗannan bayin Allah su ji, sai in je in yi."

Wani farfesa mai furfura ya sauke kofinsa don ya ji da kyau. Dokta Sambo ya matso, ya rage murya. "Kin san abin da kike jawo wa kanki?"

"Na sani. Emmanuel ma yana gaishe ka."

Sai Malam Sharhabil ya tako gaba. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa da tsohon muƙaminsa, kamar yadda ya yi a ofishinta.

"Dokta, ni ne mahaifin. Daga nan zuwa ofishinka kilomita shida da ɗigo huɗu ne, na auna da muka taho. Zan kai ka in dawo da kai kafin a tafi masallaci. Ban zo roƙo ba. Na binne yarinyar da hannuna, ba zan tsaya a binne aikinta don shayinka bai huce ba."

Farfesan mai furfura ya ce, "Sambo, je ka mana." Dokta Sambo ya bi su.

An fara tare hanyoyi saboda sallar Juma'a, dole suka zagaya. Sha ɗaya da minti talatin da takwas suka shiga ofishin Darakta. Ya zauna, ya kunna kwamfutarsa, ya ɗora yatsu a kan madannai. Ya rubuta wani abu, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Sau uku ake yarda. A na uku asusu ke kullewa na awa guda.

"Kada ka sake gwadawa," in ji Rahila.

Ya ɗago ya dube ta. Gumi ya jiƙa bakin hularsa. Shekara da shekaru wasu ke shigar masa, bai san kalmar sirrinsa ba.

"Tana bayan kalanda, ranka ya daɗe. Kowa ya sani."

Ya tashi, ya ɗaga kalandar, ya ɓamɓare takardar. Rahila ta ba shi baya. Ta ji yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, da yatsa guda, yana duba takarda. Sha ɗaya da minti arba'in da shida gogewar ta tsaya. Ya ƙara wa asusun kwana bakwai, ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa.

"Zan koma da kaina," ya ce wa Malam Sharhabil. Ya wuce Rahila ya fita.

A teburinta, ba ta rage wa dattijon ko mataki ɗaya ba. Ya zaɓi waifai na jami'a, shaidar ta fito, ya karanta lambobin biyu biyu yadda masu awon fili ke yi, tana bin na bango. Suka zo daidai. Ta sa sabuwar shaida, ya zaɓi tasa kalmar sirrin, kwamfutar ta shiga. Rumbun ya buɗe.

Rijiya sittin da uku. Kowace da lambarta, da sunan mai gida, da hoton bakinta, da awon kowane wata. Goma sha tara an yi musu jan layi, a gefen kowace Mardiyya ta rubuta da Hausa abin da za a gaya wa masu ita: wannan a tafasa, wannan wanki kawai, wannan masai ya yi kusa da ita, a rufe. Talatin da uku lafiya lau. Goma sha ɗaya, daga lamba hamsin da uku zuwa ƙarshe, suna da suna da hoto, amma gurbin sakamako babu komai. Ruwansu ta kai Zariya awo ranar da ba ta dawo ba.

Malam Sharhabil ya daɗe yana kallon guraben nan. Sannan ya ciro biro ya kwafe sunayen gidajen goma sha ɗaya a bayan wasiƙarsa. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa.

"Shekaranjiya na fita ban yi miki sallama ba."

"Ban riƙe ba, Baba."

"Har yanzu ban tabbata kin yi daidai ba. Minti goma sha huɗu ne suka rage."

"Ni ma na ƙirga," ta ce.

Ranar Litinin takardar tuhuma ta iso teburinta: barin wurin aiki ba izini, da cin mutuncin shugaba a bainar jama'a. Ta amsa a shafi ɗaya, ta haɗa da shawarar a mayar da wa'adin gogewa kwana casa'in, kuma a riƙa sanar da iyaye a rubuce. Ba a amsa shawarar ba har yau. Ƙarin girman da take jira a shekarar ya wuce ta, aka mayar da ita ɗakin ajiyar kaya, tana ƙirga wayoyi da tsofaffin na'urori. Wata biyu aka yi, ƙorafin satar asusu ya yi yawa, aka dawo da ita teburinta ba tare da wata takarda ba.

Shi kuwa Malam Sharhabil, ya buga sakamakon, ya bi Rafin Guza gida gida tare da mai unguwa, kwana huɗu. Wasu suka rufe rijiyoyinsu, wasu suka ce sun ji. Wani magidanci ya ce kakansa ya sha ruwan nan ya shekara casa'in, dattijon ya ajiye masa takardarsa a kan dakali ya wuce. A gida na hamsin da uku, babbar matan nan da ta yi tambaya ranar sadakar uku ce ta fito. Ta goge hannu a zani, ta ce, "To Malam, tamu fa?"

Ya duba takardar, ko da yake ya san abin da ke ciki.

"Ban sani ba, Hajiya. Ba ta kai ga taku ba. Ku dai riƙa tafasawa."

Sannan ya tambaye ta ko tana da kwalba mai tsabta, mai murfi.